Gayyar Uwaisu Gola

Akwai halin da ya fi rowa muni. Marowaci nasa ya hana ka, ka san inda ka tsaya da shi. Amma mutumin da zai tara 'yan'uwansa su zuba masa gumi a gona, ranar ramuwa ta zo ya aika musu da wani abu ba jikinsa ba, wannan cin mutane ya yi yana dariya. Halin da ya kayar da Uwaisu na Gazara ke nan, wanda ake kira Gola, a shekarar da aka sauya hannun tuƙin mota, shekarar da aka haɗa manyan ƙungiyoyin ƙwallo na ƙasar nan a gasa guda.

Uwaisu dogo ne, tafin hannunsa kamar faifai. Tun yana saurayi, in za a yi ƙwallo tsakanin Gazara da Makarfi, ko an tafi Ikara wasa, shi ake tsayarwa ya tsare gida. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a masallaci, kafin liman ya shafa addu'a ya riga ya laluɓo takalminsa. Mahaifinsa ya rasu bai bar masa fadama ba, sai ƙanen mahaifin, Baba Ya'u, ya ba shi aron tasa, wata 'yar fadama a bakin rafi wadda rake ke yi a cikinta har ya wuce kan mahayin doki.

Ranar da zai ba shi, tsohon ya kai shi har bakin rafin, ya dogara sandarsa ya ce, "Ka ga ƙasar nan? Ƙarfin nomanta ya bar ni. Na ba ka, ka ci kai da iyalinka. Magana ɗaya zan faɗa maka. Rake ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ka riƙe 'yan gayya, su riƙe ka. Shekarar da na ga raken nan ya lalace a hannunka, a shekarar zan ba wani."

"Ba za a yi haka ba, Baba," in ji Uwaisu, idonsa na can kan hanya.

Dokar gayyar Gazara ɗaya ce, kuma kowa ya san ta. Wanda aka yi wa aiki da jiki, da jiki yake ramawa. In ciwo ya kwantar da kai, ƙanenka ko ɗanka ya ɗauki fartanyarka, an karɓa. Ban da wannan babu. Sarkin gayyar a lokacin Iliyasu ne, abokin Uwaisu tun na kaciya, mutum mai fara'a amma marar wasa da doka. Da lokacin dashe ya yi, Iliyasu ya tara majiya ƙarfin garin da makaɗinsu, suka shiga fadamar Uwaisu da asuba, kafin la'asar sun huɗe ta sun binne gaɓoɓin rake kaf. Uwaisu ya yi ta godiya, ya ce duk ranar da aka kira shi, shi ne na farko a bakin gona.

Ba a daɗe ba wani mutum da ake kira Koci Sani ya zo kallon wasa a Makarfi. Shi ke horar da Guguwa, wata ƙungiya ta Kaduna da ta samu shiga sabuwar gasar ƙasa. Ya ga yadda Uwaisu ke tashi sama ya cafe ƙwallo da hannu ɗaya, ya kira shi gefe ya ce yana neman gola na biyu. Akwai ɗaki, akwai abinci, akwai ɗan abin sawa a aljihu, kuma za a zaga ƙasa.

Da gudu Uwaisu ya iso gida. Matarsa Zulai tana tankaɗe, ba ta ɗago ba sai da ya gama zuba.

"To, maigida, raken fa?"

"Rake ai ba ya gudu."

"Shi ba ya gudu. Kai ne mai gudun. Ranar da aka kira gayyar wani kana Ikko fa?"

"Ke dai ki shirya jin sunan mijinki a rediyo."

"Na ji shi a bakin Baba Ya'u da alheri ya fi mini," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Haka ya tafi. Aka ba shi rigar gola mai dogon hannu, da takalmi mai ƙusoshi, da wuri a kan benci. A kan bencin nan kakar wasa ta same shi, a kansa kuma ta yi ta wucewa. Suka je Jos, suka je Inugu, suka kwana a jirgin ƙasa zuwa Ikko, suka dawo ta Badun. Wani wasan su ci, wani a ci su, wani a tashi babu ci. Golan farko kuwa ƙaton mutum ne, ko mura ba ya yi. Uwaisu na zaune yana karkaɗa ƙafa, ya tashi ya miƙe jiki, ya koma ya zauna, ya sake tashi, har 'yan wasa suka riƙa ce masa ya bar bencin ya huta. In yana benci, hankalinsa na fadama, ko ciyawa ta rufe rake. In ya leƙo gida ya tsaya a fadama, hankalinsa na benci, kada golan farko ya faɗi ranar da ba ya nan.

Abu ɗaya ya fi burge shi a wasan manya, abin da ba a yi a filin Gazara. In ɗan wasa ya gaji ko ya ji rauni, sai koci ya ɗaga hannu, alƙalin wasa ya hura usur, wani ya fito wani ya shiga, wasa ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Canji ake ce masa. Uwaisu ya zauna yana kallon wannan abu wata da watanni, yana jiran ranar da za a ɗaga masa hannu, har abin ya zauna masa a kai. Ya ga ashe mutum ba dole ba ne ya tsaya da kansa. Wuri ne dai kada a bar shi babu kowa.

Damina ta sauka, gayya ta kankama. Ranar da aka zo noman rakensa, Uwaisu ya nemi izini wurin koci ya zo. Ranar tasa gayyar kullum yana samun izini. Amma da aka kira ta Iliyasu, Guguwa na da wasa a Jos, sai ya aiko da ƙwaryar goro a raba. Aka karɓa ba a ce komai ba. Da aka kira ta gaba, ya aiko da ƙwallon fata sabo fil, wai 'yan gayya su riƙa motsa jiki da yamma. Ta bayanta ya aiko wa mai gonar da tsohuwar rigar ƙungiya mai lamba a baya. Shirun da aka yi masa ya ɗauke shi yarda ce.

Sai aka zo yankan geron Bobbo. Bobbo Bafulatani ne da ya daɗe da zama a gefen gari, yana noma yana kiwo, ya manyanta amma bai taɓa fashin gayyar kowa ba. Ranar dashen raken Uwaisu shi ya fara shiga laka. Uwaisu ya san wannan ba ta goro ba ce. Ya zo gida ana gobe gayyar, ga wasa kuma a Kaduna. Ya yi ta zagaye tsakar gida, ya fita ya dawo, can sai ya tafa hannu. Ya nemo wani ɗan ƙodago mai suna Mamuda, mutumin Malikanchi, marar gona, wanda ke bin gari gari yana aikin lada. Ya biya shi, ya ce gobe ya je gonar Bobbo ya ce shi ne a madadin Uwaisu.

Zulai ta ajiye muciya. "Ɗan ƙodago za ka aika gayya?"

"Ya fi ni iya yankan gero."

"Ba a yi, maigida."

"Da ba a yi. Yanzu ana yi. Canji ke nan."

Sati na zagayowa, yana tashar Makarfi zai hau mota, sai ga Iliyasu ya kawo barkono kasuwa. Suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya, aka tambayi jikin Baba Ya'u. Sannan Iliyasu ya ce, "Gola, wa ka aiko mana gonar Bobbo?"

"Mamuda mana. Na san ya yi muku aikin mutum biyu."

"Ƙanenka ne?"

"A'a."

"Ɗanka ne? Ko kwance kake ba mu ji ba?"

Uwaisu ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Sarki, kai ba ka fita ba ne. A filin manya, in wani ba zai iya ba, koci ya ɗaga hannu, wani ya shiga. Wa ya damu da sunan mai riƙe da lauje, in dai gero ya faɗi?"

"Bobbo ya damu. Da ya zo dasa maka rake, da bayansa mai ciwo ya zo, bai aiko ɗan haya ba. In ana sayen gayya, da shanunsa sun saya masa tun kafin a haife ka." Iliyasu ya sauke hannun Uwaisu daga kafaɗarsa a hankali. "Mun ba Mamuda fura ya sha, mun sallame shi. Bai taɓa geron ba. Goronka ma da ƙwallonka suna nan, ba a taɓa ba. Ka zo mu zauna, tun magana tana tsakaninmu."

Direba ya danna oda. Uwaisu ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota. "In na dawo, Sarki! In na dawo!" Mota ta ja, ya bar Iliyasu tsaye da buhun barkono.

Ya dawo sau da yawa, bai je an zauna ba.

Kaka ta yi, rake ya nuna, gasa ta zo ƙarshe. Guguwa tana can ƙasa ƙasa, saura wasa ɗaya ranar Asabar a Kaduna, in ta ci ta zauna a gasar baɗi, in an ci ta ta fita. Gwiwar golan farko kuma ta fara kumburi. Koci Sani ya ce wa Uwaisu, "Ka zauna kusa. Wannan karon ina ganin zan neme ka." Uwaisu ya ji kamar ya tashi sama. A yinin nan kuma saƙon Zulai ya iso ta bakin wani direba: Malam Usmanu mai injin matse rake ya iso daga Kudan da dokinsa, layin Uwaisu ya zo, daga Alhamis zuwa Asabar. Ya wuce nan sai Kurmin Kogi, ba zai sake waiwayo Gazara ba sai baɗi.

Uwaisu ya kasa cin abinci. Ya lissafa ta nan, ya lissafa ta can, ya ga zai iya haɗa duka biyun. Zai je ya tara gayya ranar Alhamis, ya sa aiki a hanya, ranar Asabar da sassafe ya bar wa Iliyasu ragowar ya kamo mota. Ya je wurin koci.

"Yanzu za ka tafi? A satin nan?"

"Kafin a hura usur ina nan, Koci. In ma na ɗan makara, ga Ahmadu, ya riƙe mini wurina."

Ahmadu wani magidanci ne mai aiki a masaƙa, yana zuwa da yamma ya tsare raga in ana atisaye, ba a taɓa tafiya da shi ko'ina ba. Koci ya dubi Uwaisu ya ce, "To."

Da ya iso Gazara bai ko sha ruwa ba ya shiga bin gidaje. Duk ƙofar da ya tsaya aka amsa sallamarsa da fara'a, aka tambaye shi Kaduna da mutanenta. In ya ce gayya ranar Alhamis, sai a ce, "Allah ya kai mu." Iliyasu ma haka ya ce. Bobbo ma haka. Da Uwaisu mai zama ne ya saurara, da ya lura babu wanda ya tambaye shi ko da adda za a zo ko da igiya. Amma kafin mai gida ya rufe baki ya riga ya kai ƙofa ta gaba.

Ranar Laraba ya shiga kasuwar Makarfi ya kwaso 'yan cin rani, ya kai su fadama ya ce su sare raken duka, kada su bar ko kara ɗaya a tsaye. Tunaninsa, in gayya ta tarar da rake a ƙasa, aiki ya ragu, shi kuma ya samu tafiya da wuri. Suna cikin sara sai ga Baba Ya'u yana dogara sanda, yana haki.

"Uwaisu! Wa ya ce ka yi haka? Ana sare abin da inji zai ci a yini ne, gobe a sake sara. Rake in ya bar gindinsa ba ya jira. Rana ta doke shi, ruwansa ya juya, ko ka dafa ba zai daskare ba."

"Baba, gobe garin nan duka yana nan. Kafin ya san an sare shi ya zama mazarƙwaila."

"Sun ce za su zo?"

"Kowa ya amsa."

"Me suka ce?"

"Sun ce Allah ya kai mu."

Tsohon ya dubi raken da ke zube, ya dubi ɗan ɗan'uwansa, ya juya ya kama hanyar gida.

Alhamis tun da duhu Zulai ta ɗora tukwane. An yanka ɗan akuya, an dama fura a manyan ƙore, an tuƙa tuwo mai yawa. Malam Usmanu ya kafa injinsa a gindin giginya, ya ɗaura doki a jikin doguwar itaciyar da ke juya shi, ya gyara murhu ya ɗora babban kasko, ya jera 'yan tasoshin da ake zuba mazarƙwaila ta daskare. Uwaisu ya hau tudu yana duban hanya. Ya sauko ya gyara zaman adduna. Ya sake hawa. Rana ta fito, ta ɗaga, inuwar giginya ta fara tsukewa. Babu ganga, babu ƙura, babu kowa.

Can wajen hantsi sai ga mutum ɗaya tafe da kwando a ka. Mamuda ne, ɗan ƙodagon nan. Ya yi sallama ya sauke kwandon a gaban Uwaisu. Ga ƙwaryar goro, ya bushe ya yi baƙi. Ga ƙwallon fata, ko ƙasa bai taɓa ba. Ga riga mai lamba a naɗe.

"Mene ne wannan?"

Mamuda ya sosa ƙeya. "Sarkin gayya ya ce in gaishe ka. Ya ce goron na gayyarsa ne, ƙwallon da rigar na sauran. Ni kuma..." ya sunkuyar da kai, "ya ce ni ne canjinsu, su duka. Sun biya ni. Ina za a fara?"

Zulai ta zauna a kan turmi ta rufe baki da gefen zane. Malam Usmanu ya yi gyaran murya. "Malam Uwaisu, dokina zai juya inji har dare, amma ba ya ɓare ganyen rake, ba ya ɗauko dami, ba ya hura wuta, ba ya kwashe kumfa. Kowanne da mutanensa. Ka nemo su tun rana ba ta yi ba."

Uwaisu ya zura a guje. Ya same su duka a masussukar Bobbo, suna bugun dawa, ganga na tashi. Da suka gan shi ganga ta yi shiru. Ya tsaya yana haki, ya ma manta gaisuwa, sai da Bobbo ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. An tashi lafiya?" Kunya ta kama shi, ya durƙusa ya gaida dattijon, sannan ya juya ga Iliyasu.

"Sarki, rakena yana ƙasa. Duka."

"Mun ji. Canjin bai iso ba?"

Wasu suka tuntsire da dariya. Iliyasu ya ɗaga musu hannu suka yi shiru. Ya ɗauki sandar sussuka ya miƙa wa Uwaisu.

"Ba mu taru don mu kashe ka ba, Gola. Riƙe. Ka yi yinin yau a nan, da jikinka. Gobe bayan masallaci ka yi a gonata. Asabar da asuba dukanmu muna fadamarka, za mu roƙi Malam Usmanu ya ƙara mana yini. A rufe raken da ganye a yayyafa masa ruwa, wani zai lalace, amma mafi yawa zai tsira. Sharaɗi ɗaya. Ranar Asabar kana tsakiyarmu daga farko har a sauke kaskon ƙarshe."

"Asabar akwai wasa. Koci ya ce zai sa ni."

"To ka zaɓa."

Sandar tana miƙe tsakaninsu. Uwaisu ya dube ta, ya dubi hanyar fadama, ya dubi hanyar Makarfi. Ƙafarsa na ta motsi a ƙasa. "Ku zo yau mana! Bayan wasan in rama muku duka, na rantse!"

"Tun dashe muke jin in na dawo," in ji Iliyasu. Ya jingine sandar, ya yi wa makaɗi alama, ganga ta ci gaba.

Uwaisu ya koma ya ce zai yi da kansa. Shi ne ɓare ganye, shi ne ɗauko dami, shi ne tura kara a bakin inji, ya bar wannan bai gama ba ya ruga wancan. Mamuda ya tsaya a kan wuta, Zulai ta karɓi ludayin kwashe kumfa. Doki ya yi zagaye kaɗan ya tsaya jiran rake, ya sake yi ya tsaya. Har magariba abin da suka matse bai taɓa ko gefen tulin raken ba. Tuwon gayya ya kwana a tukwane, da safe Zulai ta rarraba wa maƙwabta abin da bai lalace ba.

Juma'a rana ta buɗe sosai. Da yamma ƙudaje suka fara taruwa a kan tulin. Malam Usmanu ya ɗebi ruwan da ke fita daga inji ya kurɓa, ya tofar.

"Ya fara juyawa. Na ƙasan tuli da sauransa. In da hannu da yawa gobe, a tsamo wani abu."

"Maigida," in ji Zulai, muryarta ta dushe don hayaƙi, "ka je wurin Iliyasu yanzu. Ka ce ka fasa Kaduna. Har yanzu za su zo."

"Zan je," ya ce. Ya kama hanya, ya kai rabi, ya tuna gwiwar golan farko, ya juyo. Ya ce da safe zai je.

Asabar da safe bai je wurin Iliyasu ba, bai kuma kama motar farko ba. Ya ce bari ya sauke kasko ɗaya tukuna. Da ya sauke ya ga tulin kamar ba a taɓa ba, ya ce bari ya ƙara ɗaya. Yana cikin na biyun ya ɗaga kai ya ga inda rana take. Ya yar da ludayi, ya suri takalminsa mai ƙusoshi, ya ce wa Mamuda, "Riƙe mini nan!" Zulai na kira bai waiwaya ba.

Motocin safe sun wuce. Ya samu wata babbar mota ta ɗauko albasa, tana tafe tana tsayawa, kowane ƙauye sai an sauke an ɗora. Ya zauna kan buhu, ya miƙe tsaye, ya buga wa direba rufin mota har yaran mota suka ce za su sauke shi. La'asar ta yi masa a tashar Zariya. Mutane sun yi cincirindo a rumfar wani mai shayi, rediyo na ta ihu. Ya kutsa.

An dawo hutun rabin lokaci, Guguwa na da ci ɗaya. Sai mai sharhi ya ce golan Guguwa ya faɗi, ya kama gwiwa, ba zai iya tashi ba. Koci Sani ya ɗaga hannu. Canji. Uwaisu ya ji sunan da aka kira, Ahmadu, ya ji shi sarai, takalmi na rataye a wuyansa. Kusa da tashi aka ba abokan karawa bugun fenariti. Rumfar ta yi tsit. Sai rediyo ya fashe: Ahmadu ya kaɗe! Mai shayi ya yi tsalle har ya zubar da madara, wani ya rungume Uwaisu bai san shi ba yana cewa, "Ka ji gola! Ka ji gola!"

Duk da haka ya ƙarasa Kaduna. Ya tarar ana ta murna a masaukin ƙungiya, an ɗaga Ahmadu a kafaɗa. Koci Sani ya gan shi ya fito waje.

"Koci, mota ce ta..."

"Ka ce Ahmadu ya riƙe maka wuri. Ya riƙe. Baɗi shi ne na biyu, in gwiwar wancan ba ta warke ba shi ne na farko. Ka bar rigar da takalmin wurin mai kula da kaya."

Lahadi da azahar ya sauka a Gazara. Tun daga tudu warin tsami ya tare shi. Babu inji a gindin giginya, sai ramin da aka kafa shi da zagayen sawun doki. Tulin rake ya yi baƙi, ƙudaje da ƙudan zuma sun rufe shi. Mazarƙwailar da aka samu tana cikin kwando ɗaya, kwandon da aka kawo masa goro. Baba Ya'u na zaune a kan kututture, Mamuda na tsaye gefensa, hannuwansa duk ƙuna.

Uwaisu ya durƙusa. "Baba, barka da rana."

"Barka kadai. An ci wasan?"

"An ci, Baba."

"Kai ka tsare gidan?"

Uwaisu ya sunkuyar da kai.

"Jiya na zo nan da azahar," in ji tsohon. "Na tarar da matarka da wannan bawan Allah a bakin kasko. Shi ya tsaya har Malam Usmanu ya kwance doki, alhali ladansa na Alhamis ne kawai. Na tambayi Iliyasu, ya ce in mutumin nan ya zauna a garin za su sa shi a gayya. Na faɗa maka magana ɗaya ranar da na kawo ka nan. Baɗi Mamuda ne zai dasa fadamar." Ya dafa sanda ya miƙe. "Raken kuma na ce Bobbo ya turo shanunsa, in za su iya ci."

Ga abin da Uwaisu Gola ya rasa a shekarar nan. Ya rasa raken shekara guda, wanda 'yan'uwansa suka dasa suka nome masa. Ya rasa fadamar bakin rafi, ta koma hannun mutumin da shi da kansa ya nemo. Ya rasa ɗan akuyansa da hatsin da aka dafa wa gayyar da ba ta zo ba. Ya rasa sunansa a gayyar Gazara, ya rasa zama a zauren Iliyasu. Ya rasa rigar gola da takalmi da wurinsa a benci, kuma duk tsawon gasar nan, daga Jos har Ikko, hannunsa bai taɓa ƙwallon wasa ba ko sau ɗaya. Abin da ya shiga da shi gida ranar Lahadin nan kwando ɗaya ne na mazarƙwaila mai ɗanɗanon tsami, da busasshen goro, da tsohuwar riga mai lamba, da ƙwallon da babu wanda zai buga masa.